Wata bakwai ina tsaye a bayan ta sama

Ranar da na fara ganin an cilla yarinya sama a gefen filin ƙwallon jami'armu a Amurka, gaɗa ce ta faɗo mini a rai. A dandalin unguwarmu muna 'yan mata, ɗaya takan shiga tsakiya ta saki jiki ta faɗo da baya, sauran su tare ta su mayar da ita tsaye, ana tafi ana waƙa, kuma ban taɓa jin an yi shawarar wadda za ta tare kai da wadda za ta tare ƙugu ba. A gaɗa ƙafar mai faɗowa ba ta yin nisa da ƙasa, kuma a kan rairayi ake yi. Wannan kuwa da nake kallo tana tsaye ne da ƙafa ɗaya a tafin hannun wasu 'yan mata da suka miƙe hannuwansu sama, kanta ya haura mita uku daga ƙasa. Wasan da suke yi shi ne ciyalidin, wato ƙarfafa gwiwar 'yan wasa da kirari da rawa da tsalle-tsalle da ɗaga juna. An ce asalinsa daga Jami'ar Minesota ne, inda a 1898 wani ɗalibi mai suna Joni Kambel ya tsaya gaban 'yan kallo yana ja musu baki, kuma a lokacin maza ne kawai ke yi, babu ɗaga kowa. Ɗaga juna da cilla mutum sama daga baya suka shigo, kuma su ne suka mayar da shi wasan da ake shiga da takardar likita.

Ina shekara ta biyu a karatun gashin ƙashi da gyaran gaɓoɓi lokacin da wata abokiyar karatuna ta ja ni zuwa gwajin shiga rukunin mata zalla. Ni doguwa ce, kuma mai horarwa na ganina ta ce gurbin da take nema ke nan. A rukunin ɗagawa mutum huɗu ne: ta sama, wadda ake ɗagawa; ginshiƙai biyu da ke fuskantar juna suna riƙe da ƙafafunta; sai mai tsaron baya, wadda ke taimakawa wajen ɗagawa, ta yi ƙirga, kuma idan abu ya ɓaci ita ce ke da alhakin kai da wuya da kafaɗun ta sama. Wannan gurbi na ƙarshe aka ba ni. Da na kira Umma na faɗa mata, ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce, "Ke 'yar nan, karatu aka tura ki ko ɗaukar 'ya'yan mutane?" Sai da na yi mata alkawarin cewa ba ni za a ɗaga ba kafin hankalinta ya ɗan kwanta, kuma ni kaina a lokacin na ɗauka cewa ta ƙasa ba ta cikin haɗari.

Kafin in taka katifa sai da na wuce ta hannun likita. An duba zuciyata da hawan jini da gaɓoɓina, an tambaye ni ko na taɓa suma ko buguwa a ka, sannan aka zaunar da ni gaban kwamfuta na yi wani gwaji na saurin tunani da riƙe abu a ka. Jami'ar kula da lafiyar 'yan wasa ta bayyana mini cewa ana ajiye sakamakon ne domin idan wata rana na bugu, a sami abin da za a gwada da shi a gane ko na dawo daidai. Na saurare ta da rabin kunne, ban san zan koma gaban wannan kwamfutar kafin shekara ta ƙare ba. Daga nan aka zo kan sutura. Babu ɗan kunne, babu zobe, babu awarwaro, babu cingam a baki, kuma dole a yanke farce har ya zama ba a hango shi idan an dubi hannu ta wajen tafi. Ni ina rufe kaina, kuma mai horarwa ba ta ce uffan a kan haka ba, sai dai ta ce kada a sami fil ko allura a jiki, kuma kada a bar wani leɓatu da yatsa zai iya maƙalewa a ciki. Na sayi ɗankwalin wasanni irin wanda ake zurawa ya kama kai, da riga mai dogon hannu da ta kama damtse, domin hannun riga mai faɗi yana sa jikin wadda aka cafe ya sulɓe.

Makon farko ba mu ɗaga kowa ba. An zaunar da mu a katifa aka karanta mana lissafin da ya sa dokokin suka yi tsauri. Akwai wata cibiya a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill wadda tun 1982 take tattara bayanan munanan raunuka a wasanni, irin karayar wuya da fashewar kai da shanyewar jiki, kuma na tsawon shekaru masu yawa kusan kashi biyu bisa uku na irin waɗannan raunuka a tsakanin 'yan matan sakandare daga wannan wasa suka fito. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2012 tana neman a ɗauki ciyalidin a matsayin cikakken wasa, domin ya sami ƙwararrun masu horarwa da kulawar lafiya irin ta sauran wasanni, kuma ta nuna cewa ɗaga juna ne ke jawo kashi 42 zuwa 60 cikin ɗari na raunukan wasan da kashi 96 cikin ɗari na girgizar ƙwaƙwalwa, wato raunin da buguwar kai ke jawowa. Abin lura shi ne ba a yawan jin ciwo a wannan wasa kamar yadda ake ji a ƙwallon ƙafa ko ta kwando, amma idan aka ji, yakan yi muni. An kuma ba mu labarin Kristi Yamaoka ta Jami'ar Kudancin Ilinoi, wadda a watan Maris na 2006 ta faɗo daga saman dalar mutane a filin ƙwallon kwando a Sent Luwis, ta sami karaya a ƙashin wuya da girgizar ƙwaƙwalwa a gaban kyamarorin talabijin. Ta warke, amma bayan wannan faɗuwa ne aka hana cilla mutum sama da gina doguwar dala a kan daɓe mai tauri, kuma munanan raunukan da ke fitowa daga cillawa sun ragu ƙwarai tun daga lokacin.

Maganar ƙasan da ake wasa a kai ita ce ta fi tsaya mini a rai, watakila saboda karatun da nake yi. A wani bincike da aka buga a 2009 an auna tsawon da kai zai iya faɗowa daga gare shi kafin a shiga haɗarin rauni mai barazana ga rai. A kan siminti rabin ƙafa ne kacal, wato santimita 15, alhali a kan daɓen da aka yi wa sifirin a ƙarƙashi ya haura ƙafa 11. Ɗakinmu na atisaye yana da katifu tara masu naɗewa, kowace tsawon ƙafa 42 da faɗin ƙafa 6, kuma aikinmu na farko kullum shi ne mu shimfiɗa su mu liƙe haɗinsu don kada ƙafar ginshiƙi ta faɗa a tsakani. Muna kuma duba sama, domin akwai fitilu da ragar ƙwallon kwando, mu tabbatar babu jaka ko gorar ruwa a kusa. A jikin bango kusa da ƙofa an manna takarda mai ɗauke da adireshin ginin da ƙofar da motar asibiti za ta shigo, da sunan gurbin wadda za ta kira lambar gaggawa ta 911, da wadda za ta je ta tarbi ma'aikatan, da wadda za ta janye sauran 'yan mata gefe. Sau biyu a zangon muka yi atisayen wannan takarda kamar da gaske, kuma dokar da aka fi nanatawa ita ce wadda ta faɗo tana kukan wuya ko baya ba a motsa ta, ba a zaunar da ita, ba a ba ta ruwa.

Daga nan aka fara hawa mataki-mataki, kuma mai horarwa tana da takarda ga kowane rukuni wadda take sa wa hannu da kwanan wata. Mataki na farko tsayuwa ce a kan cinya, inda ta sama ba ta wuce tsawon kujera daga ƙasa ba. Sai zama a kafaɗa. Sai wani atisaye da na tsana da farko amma daga baya na gane amfaninsa, wanda ta sama ke dafa kafaɗun ginshiƙai ta ɗauke nauyinta duka a hannuwanta, ƙafafunta na rataye ba tare da an tallafe su ba, domin ta koyi cewa ba a zuba wa na ƙasa nauyi tun daga farko. Bayan wannan ne ake kai ta tsayin kafaɗa, ƙafafunta a tafin hannun ginshiƙai daidai haɓarsu. Ƙa'idar mai horarwarmu ita ce ba za ta sa hannu ba sai rukuni ya yi abu sau goma a jere ba tangarɗa, kuma idan aka kuskure a na tara, a koma ɗaya. Ba ta yarda a koyi hawa ba sai an ƙware a saukarsa, kuma duk sabon abu a farkon atisaye take sa shi, lokacin da jiki bai gaji ba, tare da ƙarin mutum huɗu a kusurwoyi hannuwansu a sama. Mun shafe kusan mako shida a tsayin kafaɗa alhali wasu rukunai sun wuce mu, kuma na ga yadda hakan ya ci wa ta samanmu rai, domin a makarantarsu ta sakandare ta riga ta yi abin da ya fi wannan. Mai horarwa ta ce mata ƙwarewarta ba ta bin ta zuwa sabon rukuni, tunda hannuwan da ke ƙarƙashinta sababbi ne.

Aikina a baya yana da tsari wanda sai da jikina ya haddace shi kafin kaina ya huta. Ina fara riƙe ƙugun ta sama, in yi ƙirga da ƙarfi daga biyar zuwa takwas, a ɗaya da biyu kowa ya durƙusa kaɗan, a uku da huɗu a miƙe tare. Da zarar ta tashi sai in saki ƙugu in kama idon sawunta ina ja sama, don in rage wa ginshiƙai nauyi. Ƙarfin ɗagawa daga cinya yake fitowa, baya a miƙe, kuma ginshiƙan suna matsowa kusa da juna har kusan ƙirjinsu ya haɗu, domin idan suka ja baya ƙafafun ta sama za su buɗe. Ita kuma aikinta ta sandare jikinta kamar muciya, gwiwa a kulle, ciki a ɗaure, ido a kan wani wuri guda a bango, domin wadda ta dubi ƙasa jikinta yakan bi idonta. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗaukar jinka a ƙauye zai gane abin da nake nufi da ƙirga: mutum ɗaya ne ke ba da murya, kuma wanda ya riga sauran ɗagawa ya fi wanda ya makara ɓarna. A rukuninmu ni kaɗai aka yarda in yi magana idan mutum na sama, ban da kalma ɗaya da kowa ke da ikon faɗa, wato "ƙasa", wadda da an ji ta ake sauke ta sama a hankali ba tare da tambayar dalili ba.

Wannan kalma ce ta fi ba ni wahala. An raine ni a kan dauriya da kara, cewa mace ba ta raki, kuma ba ka tsayar da aikin jama'a don ɗan abin da ya dame ka. Sau da yawa nakan ji yatsuna sun fara zamewa saboda gumi, amma sai in danne in ƙara matsewa, don kada a ce baƙuwar nan ce ke jawo mana koma baya. Mai horarwa ta lura, ta kira ni gefe ta ce ta ƙirga mako uku ban taɓa cewa "ƙasa" ba, kuma hakan bai burge ta ba, tsoro ya ba ta.

Saukar da ake kira cafewa ita ce inda aka fi buguwa. Ginshiƙai suna durƙusawa su tura ta sama ta tashi, su bar hannuwansu a sama don su tare ta tun tana nesa da ƙasa, ɗaya hannu a bayanta ɗaya a cinyoyinta, su sauke nauyin da gwiwoyinsu. Ni kuma ina zura hannuwana ƙarƙashin hammatarta da dunƙulallen hannu, kanta ya sauka a ƙirjina, in ɗan kawar da fuska gefe. A wata na huɗu, bayan mun sami sa hannu a kan miƙe hannu sama gaba ɗaya, muna cafewa ta ƙarshe a wani atisayen yamma sai na ji tun a ƙirga cewa ginshiƙin hagu ta riga ta dama durƙusawa. Ina da daƙiƙa guda da zan iya cewa "ƙasa", ban faɗa ba. Ta sama ta tashi a karkace, ta tsorata ta buɗe hannu, gwiwar hannunta ta sauka a gefen goshina. Na cafe ta, ba ta taɓa ƙasa ba, kuma kowa ya yi ta yaba mini. Na ga wani haske na ɗan lokaci, kunnena ya yi ƙara, amma da aka tambaye ni na ce lafiya lau.

Da daddare ciwon kai ya taso, hasken waya ya zama kamar ana soka mini allura a ido, ga tashin zuciya. Washegari a aji na karanta sakin layi ɗaya sau huɗu ban riƙe komai ba. Ni da nake karanta waɗannan alamomi a littafi na san sarai abin da suke nufi, na kuma san ba sai mutum ya suma ba kafin a ce ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, kuma na san buguwa ta biyu kafin ta farko ta warke tana iya yin kisa. Duk da haka na saka kayan atisaye na tafi, domin saura kwana tara wasan farko kuma babu wata mai tsaron baya da ta saba da rukuninmu. Abin da ya tsayar da ni a bakin katifa shi ne ta samanmu da ta zo ta juya mini baya, ta ɗora hannuwana a ƙugunta kamar kullum ba tare da ko waiwayowa ba. Yarinya ce 'yar shekara sha takwas, kuma ta miƙa wuyanta ga idanun da a wannan rana ba sa iya bin yatsa daga hagu zuwa dama ba tare da jiri ba. Na cire hannuna na tafi wurin mai horarwa na ce, "Koci, jiya ban faɗa miki gaskiya ba."

Ba ta yi faɗa ba, ta kira jami'ar lafiya nan take. Na koma gaban kwamfutar nan, sakamakon ya fito ƙasa da na farkon zango, likita ya tabbatar da girgizar ƙwaƙwalwa. Tun daga dokar da Jihar Washinton ta kafa a 2009, wadda sauran jihohi duka suka yi irinta zuwa 2014, ƙa'idar da aka saba da ita a wasannin matasa a Amurka ita ce duk wanda ake zargin ya bugu a ka a fitar da shi, kuma ba ya dawowa sai da izinin ma'aikacin lafiya, kuma jami'armu tana bin irin wannan tsari. Na huta kwana biyu, na rage kallon waya da karatu, sannan aka ɗora ni a kan matakai shida na dawowa, kowanne aƙalla awa 24: harkokin yau da kullum, sai tafiya ko keken motsa jiki, sai motsin wasan ni kaɗai, sai atisaye ba tare da ɗaga kowa ba, sai cikakken atisaye bayan likita ya sa hannu, sai wasa. A mataki na uku ciwon kai ya dawo, aka mayar da ni na biyu. Na yi kwana goma sha shida kafin in sake riƙe ƙugun kowa, wasan farko kuma na kalle shi daga benci, rukunina suna yin abin da bai wuce tsayin kafaɗa ba da wata mai tsaron baya ta aro.

Da na dawo, mai horarwa ta soke sa hannun da ta yi mana a kan cafewa daga sama, muka sake farawa daga tsayin kafaɗa. Ta ɗauki bidiyon ƙafafun ginshiƙan biyu ta nuna musu cewa ɗaya tana durƙusawa a kan "ɗaya", ɗayar kuma tana jiran "biyu", kuma sun yi wata huɗu a haka ba wanda ya gani sai ni da nake ji a hannuna ina shiru. Ta sama kuma aka mayar da ita kan atisayen faɗowa da baya daga kan akwati, hannuwa a manne da jiki, har sai da ta daina buɗe su ko da an tura ta a karkace da gangan. Ni aikin da aka ba ni shi ne in ce "ƙasa" aƙalla sau ɗaya a kowane atisaye, ko da a kan ƙaramin abu ne, har bakina ya saba.

A wata na bakwai muka kai ga tsayuwar ƙafa ɗaya, irin wadda na gani ranar farko, wadda suka sa wa sunan mutum-mutumin 'yanci na Niyok saboda kamannin tsayuwar. Mun yi ta a wasan ƙwallon kwando na gida, a lokacin hutun minti ɗaya, ɗakin a cike, ganguna na tashi har ba na jin muryata sosai. Ta hau lafiya, amma a ƙirga ta biyar na ji idon sawunta yana rawa a tafin hannuna, ƙugunta kuma ya fara fita daga saitin ƙafarta zuwa hagu. Na ɗaga murya na ce "ƙasa", ginshiƙan suka sauko da ita tsayin kafaɗa, daga nan zuwa daɓe, sauran rukunai uku suna sama har kiɗan ya ƙare. Da muka koma gefen fili ta duba takalminta ta ga igiyar ta saki, ta zauna ta ɗaure ta sau biyu, muka jira hutu na gaba muka sake hawa.